Ga masu son fara sauraron jazz fusion

Salam 'yan uwa. Masu cewa sun kunna jazz fusion sun ji hayaniya kawai, ga shawarata.

A daina jiran mawaƙi. Galibi kiɗa ne zalla, guda ɗaya ma yakan wuce minti goma. Salon ya taso ne a Amurka a ƙarshen shekarun 1960, lokacin da makaɗan jazz irin su Miles Davis suka shigo da jita da fiyano na lantarki, suka aro bugun gangar rock da funk. To wannan bugun za ku riƙe. Ku kafa kunne kan ganga da jitar bes (mai kaurin sauti), su ne ba sa sakin hanya. Mai ƙaho kuwa ku bar shi ya yi yawonsa, nan take yake ƙirƙirar abin da yake busawa, zai dawo ya same ku.

Kada ku fara da faifan Miles na 1970, ya yi wa sabon shiga nauyi. Ku nemi faifan makaɗin fiyano Herbie Hancock na 1973, Head Hunters. Wanda ya saba da kiɗan Fela ba zai ji baƙunta sosai ba.

Kuma don Allah a sa iyafis, sifikar waya cinye bes ɗin take yi.