Yadda Ake Gano Cutar Fenilketonuriya da Kula da Mai Ita

Fenilketonuriya cuta ce ta gado da ke hana hanta sarrafa sinadarin fenilalanin na cikin abinci mai gina jiki, sai ya taru a jini ya lahanta ƙwaƙwalwa.

A fara da tambayar asalin iyaye, domin yaro ba ya kamuwa sai ya gaji gurɓatacciyar ƙwayar halittar PAH, wadda ke taimaka wa hanta sarrafa fenilalanin, daga uwa da uba duka, kuma auren zumunci yana ƙara haɗarin. Cutar ta fi yawa a Turkiyya da Ailan, inda ake samun kusan jariri 1 cikin 4,500 a Ailan, amma ba kasafai ake ganinta a Finlan da Japan ba. Irin gurɓatar ma ya bambanta: nau'in R408W, wanda ya yawaita a Gabashin Turai, yana kawo cuta mai tsanani.

Kada a jira alamu, domin jaririn yakan fito lafiya lau. A ɗebi ɗigon jini daga diddigensa cikin kwanakin farko na haihuwa a gwada. Idan aka yi sakaci, bayan watanni sai a ji fitsarinsa yana wari irin na ɓera, fata da gashi su yi haske, ga farfaɗiya da jinkirin zama da magana.

Da zarar an tabbatar, likita zai ba da madara ta musamman, a taƙaita nama, kifi, ƙwai da wake, a guji lemun da aka zaƙaƙa da asfatam, wani sinadarin zaƙi mai ɗauke da fenilalanin. Mace mai cutar ta daidaita yawan fenilalanin a jininta tun kafin ta ɗauki ciki, domin yawan sinadarin yana cutar da ɗan tayi.