Yadda Ake Haɗa Ƙaramar Lasifika Don Sauraro Daga Kusa

Wanda zai saurari sauti yana zaune a gaban tebur, tazararsa da lasifika ba ta wuce mita 1 ba, ba shi da bukatar babban akwati ko ƙarfi mai yawa, domin sautin yana isa kunnensa kafin bangon ɗaki ya dawo da amsa-kuwwa. Abin da yake bukata shi ne murya ta fito tas. A shekarun 1970 injiniyoyin BBC sun ƙera wata ƙaramar lasifika mai suna LS3/5A domin aiki a cikin motocin watsa shirye-shirye, inda wuri yake da ƙunci, kuma cikinta bai wuce kimanin lita 5 ba.

Shawarata ga mai farawa ita ce ya ɗauki ƙwayar sifika (wato sashen nan mai faifai da maganaɗisu wanda yake fitar da sauti) guda ɗaya mai faɗin inci 3 ko 4, irin wadda take fitar da sauti mai kauri da siriri gaba ɗaya, ya sa ta a rufaffen akwati marar ramin iska. Idan ƙwayoyi biyu ne a akwati ɗaya a kusa da kunne haka, mutum yakan ji sautin yana fitowa daga wurare biyu, ga kuma wahalar haɗa na'urar da za ta raba musu aiki.

Girman akwati ba a yin sa da ka. Kowace ƙwaya mai kyau tana zuwa da alƙaluman da ake kira da sunan injiniyoyin sauti Neville Thiele da Richard Small, kuma uku daga ciki ne suka fi muhimmanci: Fs (amon da faifan ƙwayar ya fi saurin kaɗawa a kansa), Qts (ma'aunin yadda faifan yake ci gaba da kaɗawa a wannan amo) da Vas (ma'aunin laushin motsin faifan, da ake bayarwa a lita). Ana son Q na akwatin, wato wannan ma'aunin kaɗawa bayan an sa ƙwayar a ciki, ya tsaya wajen 0.7. A raba 0.7 da Qts, a ninka sakamakon da kansa, a cire 1, sannan a raba Vas da abin da ya rage. Misali, ƙwayar da Qts ɗinta 0.5 ne, Vas kuma lita 3, tana son akwati mai kusan lita 3. Faɗi santimita 12, zurfi 14, tsayi 19 daga ciki zai ba da haka har da ɗan rarar da maganaɗisu zai cinye. Kada a daidaita ɓangarorin uku, domin akwati mai tsawo ɗaya ta ko'ina yana ƙara wa wani amo guda ƙarfi fiye da kima.

Katakon MDF (wanda ake yi da matsattsen garin katako) ko filawud mai kaurin milimita 12 ya wadatar. A sa takunkumi lokacin yanka, saboda ƙurar MDF tana cutar da huhu. Bayan an huda ramin ƙwayar, a fere bakinsa ta ciki domin iskar bayan faifan ta sami hanya. Mutane da yawa suna tsallake wannan, alhali a ƙaramar ƙwaya kaurin katakon kansa yana shaƙe ta. A haɗa sassan da gam, a matse su har su bushe, a toshe ramin waya, a sa audugar roba a ciki ba tare da an danna ta ba.

Gwaji biyu nake yi kafin in kunna komai. Nakan tura faifan a hankali da yatsu: idan akwatin bai yoyon iska, zan ji yana turjewa. Sannan in taɓa wayoyin da batir mai bolt 1.5 na ɗan lokaci kaɗan, in ga faifan ya motsa waje. Dole ne duka lasifikun biyu, ta hagu da ta dama, su motsa ta fuska ɗaya idan an haɗa su da batirin iri ɗaya, in ba haka ba kaurin sautin zai ɓace, muryar mawaƙi kuma ta rasa tsakiya.

Amfilifaya mai wat 10 zuwa 15 ta isa, muddin ta dace da om 4 ko 8 (ma'aunin turjiyar lantarki) na ƙwayar. A ajiye lasifikun yadda tazarar da ke tsakaninsu za ta yi daidai da tazarar kowacce zuwa kan mai sauraro, a ɗaga su daga saman tebur, a karkata su har ƙwayar ta fuskanci kunne.