Daga Sakkwato zuwa Jidda: ku lura da agogo

Assalamu alaikum 'yan uwa maniyyata. Daga filin jirgin sama na Sultan Abubakar III zuwa na Sarki Abdul'aziz da ke Jidda, tazarar ta kai kimanin kilomita 3,700. Idan jirgi ya miƙe kai tsaye, tafiyar awa biyar ce ko kusa da haka, sai dai tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a 2023 jirage kan kewaye, tafiyar ta ƙara tsawo.

Inda mutane suka fi ruɗewa shi ne agogo. Saudiyya na gabanmu da awa 2, kuma lokacin sauka da ake rubutawa a tikiti nasu ne. Ka tashi ƙarfe 10 na dare, ka yi awa biyar a sama, agogon hannunka zai nuna 3, amma a Jidda ƙarfe 5 na asuba ne. Gwaggona da ke shan maganin hawan jini ta sha wahala a kan wannan, don Allah masu magani ku tambayi likita tun kuna gida.

Sai maganar harami. In Jidda za ku sauka ku wuce Makka, ku sa shi a jakar hannu ko ku ɗaura tun a ƙasa, domin a sama ake ratsa miƙati, wato iyakar da ba a wucewa sai da harami, kuma bayin jirgi ƙunci gare shi, ga layi. Masu sauka Madina kuwa sai a Zul Hulaifa, miƙatin mutanen Madina, za su ɗaura.

A riƙa shan ruwa, a ɗan taka a cikin jirgi saboda kumburin ƙafa. Allah ya kai mu lafiya.