Inda ɗalibai ke tuntuɓe a babin naitirik oksaid da jijiyoyin jini

Duk shekara in na zauna makin takardun jarrabawa a wannan babi, kusan a wurare iri ɗaya ake faɗuwa. Na farkon ba ya buƙatar dogon bayani: NO, wato naitirik oksaid, daban, N2O daban. N2O ita ce iskar da likitan haƙori ke shaƙa wa mutum don rage zafi. NO kuwa tantanin da ya shimfiɗe cikin jijiyar jini ne ke haɗa ta, ta ratsa zuwa tsokar bangon jijiyar ta sa ta saki, jini ya samu hanya. A 1980 masanin kimiyya Furchgott ya nuna cewa in aka kankare tantanin nan daga babbar jijiyar zomo, sakin ba ya faruwa. A 1998 shi da Ignarro da Murad suka raba kyautar Nobel a kan haka.

Babban kuskuren shi ne ɗaukar inzayim (furotin mai hanzarta aikin sinadarai a jiki) ɗin da ke haɗa NO, wato eNOS, kamar yana yawo ne cikin ƙwayar halitta yana aiki a duk inda ya ga dama. A ɗaure yake. Sinadaran kitse iri 2, miristet da falmitet, su ne igiyar da ke riƙe shi a wasu 'yan ramuka na fatar ƙwayar halitta da ake kira kabiyole, masu cike da kolestarol. A can furotin kabiyolin-1 yake danne shi, kamar akuya a turke. Sai kalsiyam ya ƙaru, ya haɗu da furotin kalmodulin, su ture kabiyolin, sannan aiki ya tashi. Gogar da jini ke yi wa bangon jijiya in yana gudu ma tana tayar da shi, shi ya sa motsa jiki ke da amfani.

To a nan ne wanda ya haddace "kolestarol mugu ne" yake shan ƙasa. In ya yi yawa, kabiyolin na ƙaruwa, dannewa ta tsananta, gaskiya ne. Amma LDL (mai ɗaukar kolestarol a jini) ɗin da iskar oksijin ta ɓata yana kwashe kolestarol daga ramukan, eNOS ya bar mazauninsa, ya daina amsa kira yadda ya kamata. Rubuta ɓangarorin biyu, ka samu makinka cif.

Wasu kuma su ce tunda daga sinadarin arjinin ake haɗa NO, a ƙara arjinin kawai. Ina BH4, sinadarin da eNOS ke buƙata kafin ya haɗa NO? In ciwon suga ko hayaƙin taba suka lalata wannan mataimaki, eNOS ɗin da kansa yakan koma fitar da sufaroksaid, wani nau'in oksijin mai ɓarna, wanda ke cafke NO su zama feroksinaitirait mai ƙona bangon jijiya. Ka tara itace, tukunyar kuwa a fashe take. A masu sikila ma, da muke da su kusan kowace unguwa, jajayen ƙwayoyin jini na fashewa su zubo himogulobin mai lashe NO, da inzayim arjines mai cinye arjinin.

Saura Viagra. Ba ya haɗa NO ko kaɗan. NO ce ke tayar da cGMP, sinadarin da ke sa tsoka ta saki, a tsokar jijiya, inzayim PDE5 ya rushe shi, Viagra kuma PDE5 ɗin yake tarewa. Don haka ne mai ciwon zuciya da ke sa naitirogilisarin, maganin da ke sakin NO a jiki, a ƙarƙashin harshe, in ya haɗa da maganin ƙarfin maza irin wannan, matsin jininsa kan iya faɗuwa warwas har ya sume. Ranar da ka fara duba marasa lafiya, ka tambayi dattijo a keɓe, ba a gaban iyalinsa ba.