Yadda Ake Gano Abin da Ke Sa Rim ɗin Gaba Guga a Mota Mai Jan Ƙafa Huɗu

Guga ba ta ɓuya, domin duk inda ƙarfe ya goga ƙarfe ko roba ta goga bodi sai an bar sawu, kuma wanda ke binciken wannan matsala a a-kori-kura mai jan ƙafa huɗu ya kamata ya nemo sawun nan kafin ya sayi ko da noti guda.

Abin farko shi ne ka tuna lokacin da ƙarar ta fara. Idan ta zo ne bayan an sauya rim, ko an sa taya mafi girma, ko an ɗaga motar, to galibi matsalar ta awo ce. Idan kuwa ba a taɓa komai ba ƙarar ta ɓullo haka kawai, wannan ya fi tayar da hankali, saboda yana nufin wani abu da ke riƙe da ƙafar ya ci, ko ya lanƙwashe, ko ya saki.

Daga nan sai ka tuƙa motar a hankali a fili, gilashi a sauke, bayan ka tabbatar ka cire ta daga jan ƙafa huɗu. Wannan sharaɗi ba wasa ba ne. Yawancin irin waɗannan motoci, idan aka sa su a jan ƙafa huɗu, ana ɗaure ƙafafun gaba da na baya ne su juya tare, alhali a kwana na gaba sun fi yin tafiya mai nisa, don haka a kan busasshiyar kwalta motar takan cije tana tsalle-tsalle, mutum ya rantse guga ce. Ka lura ko ƙarar na zuwa ne sai ka murɗa sitiyari har ƙarshe, ko idan ka faɗa rami, ko kuwa tana maimaituwa sau ɗaya a kowane juyin taya ko da kana tafiya sak. Ƙarar ƙas-ƙas-ƙas a kwana kuma yawanci daga mahaɗin shaf ɗin da ke juya ƙafar gaba take fitowa, ba daga rim ba.

Sai ka faka a shimfiɗaɗɗen wuri, ka ja birkin hannu, ka karya sitiyari zuwa dama har ƙarshe, ka leƙa bayan tayar da tocila, sannan ka maimaita zuwa hagu. Abin da kake nema shi ne wurin da ya yi ƙyalli a tsakiyar ƙura: robar cikin madugadi da ta yi sulɓi ko ta huje, ɓangaren shasi da fenti ya goge, ko ƙarfen sama mai riƙe da ƙafa da ya yi fari fat kamar an wanke shi. A yi wannan dubawa motar tana kan ƙafafunta, domin da zarar an ɗaga ta da jak ƙafar takan sauka ƙasa, tazarar ta canza, mai laifin ya ɓuya.

Bayan haka ne za ka sa waigi a tayoyin baya, ka ɗaga gaban, ka tokare shasi da madogarar ƙarfe, ba jak kaɗai ba. Ka fara taɓa notocin ƙafa, don sakakken noti ya isa ya sa rim rawa. Ka kama tayar ta sama da ƙasa ka girgiza. In ta yi motsi, ka zargi boris ko boljoyin, wato mahaɗi mai kan ƙwallo da ke haɗa ƙafar da ƙarafan da ke riƙe da ita. Ka kama ta gefe da gefe. Motsi a nan ya fi nuna tairod, wato sandar da ke haɗa sitiyari da ƙafa. Boris ɗin da ya ci yakan bar ƙafar ta karkata har rim ko faifan birki ya taɓa abin da bai saba taɓawa ba, kuma motar da aka samu a wannan hali ba ta cancanci hawa titi ba sai an gyara. Sannan ka juya tayar da hannu, ka kafa sukundireba kusa da bakin rim ɗin ba tare da ta taɓa shi ba, ka ga ko bakin yana matsowa yana ja da baya, alamar rim ya lanƙwashe.

Yanzu ka kwance tayar ka kifa ta, ka dubi cikin rim ɗin, a nan ne magana take. Zobe mai ƙyalli da ya zagaye cikin gaba ɗaya yana nuna rim yana taɓa kalifar birki, wato ƙarfen da ke matse takalmin birki a jikin faifai, kuma za ka ga irin wannan ƙarce a bayan kalifar. Wani lokaci rim ɗin ba shi da laifi, dalmar balansin da aka manna ce ke bugun kalifa a kowane zagaye, sai a matsar da ita kawai. Akwai kuma abin da ke rikita mutane: sabon takalmin birki ya fi tsohon kauri, yana tura kalifa mai zamiya waje, don haka rim ɗin da ke wucewa da ƙyar jiya yana iya fara guga bayan aikin birki. Kada ka manta da siririn farantin ƙarfe da ke bayan faifan birki. Dutse ko sanda na iya lanƙwasa shi, ko tsakuwa ta maƙale a tsakani, ta riƙa ihu kamar motar za ta tarwatse, alhali tura shi baya da hannu ya wadatar.

Idan komai na ƙafar lafiya lau ne, sai a koma ga lissafi. A bayan yawancin rim akwai haruffan ET da lamba a milimita, mai nuna nisan fuskar da ke zama kan hob, wato cibiyar da ake ɗaure rim a kai, daga tsakiyar faɗin rim. Lambar da ta fi ta asali girma tana shigar da ƙafar ciki ta matsi ƙarafan da ke riƙe da ita, ƙaramar lamba kuma tana fitar da ita waje ta ci madugadi a kwana. Girman taya ma haka: taya 265/70R16 tsayinta kusan milimita 777 ne, 285/75R16 kuwa kusan 834, wato ta matso kowane abu da ke sama da gaba da bayanta da kusan milimita 28, ta kuma ƙara faɗin milimita 10 ta kowane gefe.

In har yanzu akwai shakka, ka shafa alli a duk wuraren da kake zargi, ka mayar da tayar ka ɗaure notoci bisa ƙarfin da littafin motar ya faɗa, ka hau tudu da ƙafa ɗaya a hankali sitiyari a karye, gaba da baya. Inda allin ya goge, nan ne. Robar madugadi ana iya datse ta ko a matsar da ita, amma kalifa ba a goge ta da garanda don rim ya samu wuri, sai dai a nemo rim ɗin da ya dace da ita.