Darasi na 7: Tsabtace Daɓen Katako da Kula da Shi

Itace ba ya daina shan ruwa ko bayan an sare shi, an yanka shi falanki-falanki, an shimfiɗa shi a ɗaki. Idan iska ta yi laima sai ya sha danshi ya kumbura, idan ta bushe kuma sai ya tsuke, kuma wannan motsi ya fi yawa ta faɗin falanki, ba ta tsawonsa ba. Shi ya sa a lokacin da iska ta bushe ƙwarai ake ganin 'yan kafofi sun buɗe tsakanin falanki da ɗan'uwansa, sannan su koma su haɗe da kansu idan danshi ya dawo. Wannan ba aibi ba ne, halin itace ne. Masana harkar katako suna ba da shawarar danshin iskar ɗaki ya tsaya tsakanin kashi 30 zuwa 50 cikin ɗari, domin a nan ne motsin yake raguwa.

Abin da ya kamata mai karatu ya fara riƙewa shi ne cewa ƙafarsa ba katakon take takawa ba. Tana taka wani siririn shafi ne da aka yi masa a sama domin ya raba shi da ruwa da datti. Wani daɓen ana shafa masa man da yake bushewa ya zama kamar fata mai ƙyalli, wanda kafintoci ke kira banish. Wani kuma mai ake shafa masa ya shige cikin itacen, ko kuma a goga masa kaki. Duk sharar da za a yi da duk gugar da za a yi, manufarsu ɗaya ce, wato a tsawaita ran wannan shafi, domin muddin yana nan lafiya katakon da ke ƙarƙashinsa ba ya cikin haɗari.

Akwai gwaji mai sauƙi na sanin halin da shafin yake ciki. A zaɓi wurin da aka fi takawa, kamar bakin ƙofa, a ɗiga ruwa cokali guda, a tsaya a duba. Idan ruwan ya dunƙule ya zauna a sama, shafin yana da sauran ƙarfi. Idan kuwa cikin 'yan mintoci ya tsotse, wurin ya yi duhu, to shafin ya cinye, kuma duk ruwan da za a ƙara kai wa wurin itacen ne kai tsaye zai sha.

Yashi da ƙananan tsakuwa da takalma ke kwasowa daga waje su ne suka fi cinye shafin. Kowace ƙwayar yashi da aka taka tana aiki ne kamar samfefa, kuma duk wanda ya durƙusa ya kalli hanyar da ta tashi daga ƙofa zuwa kujera, ta gefen da hasken taga yake faɗowa, zai ga ƙyallinta ya dusashe, ga ƙananan zane bila adadin, alhali ƙarƙashin tebur yana nan kamar sabo. Saboda haka shara ta fi wanki muhimmanci. A riƙa sharewa kullum, ko bayan kwana biyu, da tsintsiya mai taushin baki ko busasshen tsumma, kuma a ajiye abin goge ƙafa a waje da cikin ƙofa. Mai amfani da injin zuƙar ƙura ya kashe buroshin nan mai juyawa, domin don kafet aka yi shi.

Idan aka zo guga da ruwa, nan ne mafi yawan mutane suke yin ɓarna da kyakkyawar niyya, domin sun saba da siminti ko tayil inda ake kwara bokiti guda a bi da tsintsiya. Katako ba ya ɗaukar haka. A tsoma tsumma a ruwan da aka sa wa ɗan sabulun da aka yi musamman don katako, a matse shi har sai ya daina ɗiga, sannan a goga ana bin tsawon falanki. Wurin da aka goge ya kamata ya bushe cikin minti ɗaya ko biyu. Idan ya wuce haka, ruwan ya yi yawa. Abin da ya zube kuma a tsane shi nan take, kada a ce sai an jima, domin ta mahaɗar falankai ruwa yake silalewa ƙasa, inda hannu ba ya kaiwa.

A guji bilic da amoniya da soson ƙarfe. Ruwan khal, wanda wasu suke yabawa, tsami gare shi, kuma yawan amfani da shi yana kashe ƙyalli a hankali. Na'urar guga da tururi ma ba ta dace ba, tunda zafi da danshi take turawa cikin mahaɗa. Haka nan ba a goga kaki a kan banish, domin yana sa santsi, kuma ranar da aka tashi sabunta shafin sabon ba zai kama ba.

Ƙafafun kujeru da tebura a manna musu ƙyalle mai kauri, a kuma riƙa duba shi, domin idan yashi ya maƙale a jikinsa shi ma ya zama samfefa. Kaya mai nauyi ɗaga shi ake yi, ba ja ba. Rana tana sauya launin itace, don haka a riƙa gusar da shimfiɗu lokaci-lokaci don kada su bar shaida. Tukunyar fure kuwa kada a ajiye ta kai tsaye a kan daɓe.

Idan aka ga gefunan falanki sun ɗago sama tsakiyarsa ta lotsa kamar kwale-kwale, alama ce cewa danshi yana shigowa daga ƙasa, wataƙila bututu ne yake yoyo. A nan gaggawar kankare saman katakon domin ya daidaita kuskure ce. Sai an toshe mafarin ruwan, an bar katakon ya bushe sosai, wanda kan ɗauki makonni ko watanni, kafin a kira kafinta. Idan aka kankare shi yana jiƙe, bayan ya bushe tsakiyarsa ce za ta yi tozo. Katako zalla yana jure kankara sau da dama, amma wanda aka yi da siririn itace manne a kan filawud ba ya jurewa da yawa, don haka a tabbatar da irinsa tukuna.

Wanda daɓensa na mai ne, kuma ya sabunta shi da kansa, ya kula da tsummokaran da ya yi aiki da su. Tsumman da ya sha man linsid, wato wani man 'ya'yan tsiro da ake shafa wa katako, idan aka cukuikuye shi aka jefa a kwandon shara, yana iya ɗaukar zafi har ya kama wuta ba tare da an kusanto da ashana ba. A baza kowanne daban a waje har ya bushe ƙarau, ko a nutsar da su cikin ruwa a gwangwanin ƙarfe mai murfi.