Yadda Ake Girka OpenLDAP a Kan Ubuntu Server

OpenLDAP manhaja ce da ke adana kundin masu amfani da kalmomin sirrinsu a wuri guda. Kafin komai, daidaita sunan sabar. A cikin /etc/hosts, rubuta cikakken suna kamar ldap.ofis.lan, domin daga nan slapd, manhajar sabar OpenLDAP, ke ɗauko tushen kundin, wato dc=ofis,dc=lan. Idan sunan ya karkace, duk abin da ka gina a kansa zai karkace.

Sai ka buga sudo apt update, sannan sudo apt install slapd ldap-utils. Za a nemi kalmar sirrin admin; sa mai ƙarfi, ka adana ta.

Daga nan buga sudo dpkg-reconfigure slapd. Tambayar farko, ko a tsallake saitin, amsa No. Shigar da ofis.lan da sunan ma'aikatarku. A kula sosai: wannan umarni yana kwashe tsohon rumbun bayanai zuwa /var/backups, don haka kada a sake buga shi bayan an fara zuba masu amfani.

Gwada da ldapwhoami -x -D cn=admin,dc=ofis,dc=lan -W. In ka ga kuskure mai lamba 49, ko dai kalmar sirri ce ba daidai ba, ko tushen ya saɓa da wanda ka rubuta.

Buɗe tashar 389, wadda OpenLDAP ke amfani da ita, da sudo ufw allow 389, amma fa a haɗa TLS (tsarin ɓoye bayanan da ke bi ta layi) tukuna, in ba haka ba kalmomin sirri a fili za su riƙa yawo a layi.